Dawar da Ba Ta Fid da Kai Ba

Tun da na dawo daga Nijar ƙawayena ba su bar ni na huta ba. A ɗakin malamai a Ƙanƙara, a bakin rijiya, har a ƙofar coci bayan an tashi sujada, tambayar ɗaya ce: "Rahila, yaya ƙasar Faransa?" Haka muke kiran can har yanzu, ko da yake Faransawan sun daɗe da tafiya. Nakan ce lafiya lau, akwai raƙuma, akwai burodi mai tsawon hannu, su yi dariya mu rabu. Amma ba wannan ne labarin ba. Na ga gara in zauna in rubuta shi yadda ya faru, domin idan ina faɗa da baki akwai wurin da nake kaiwa muryata ta ƙi fita.

Dole in fara da Gwaggo Kande, yayar mahaifina, wadda ta raine ni a ƙauyenmu kusa da Sabuwa. Cocinmu da ɗan ɗakin shan maganinmu an gina su ne da baiko, wato sadaka, na wasu masu bi, Kiristocin ƙasar Turai, waɗanda ba mu taɓa gani ba. Sukan aiko mana da tufafi cikin ganguna. Wata shekara rabon Gwaggo ya faɗa kan wata baƙar rigar ulu, mai nauyi kamar ɗan akuya, da maɓallai manya kamar goruba. Ta juya ta, ta shinshina, ta ce, "Bayin Allah. Da sun tambaya ai da mun ce masu gishiri." Daga ranar rigar ta zama marufin kwandon kaza. Duk baƙon da ya shigo gidanmu sai ta ja shi ta ce, "Zo ka ga kazar da ke sa kwat."

Sai zamani ya juya. Kuɗin mai suka shigo ƙasa, samarinmu suka kwarara Kaduna aikin gini, suna dawowa da rediyo da agogo, faifan baiko ya fara ganin takardar naira. Fasto ya ce mun daɗe muna karɓa, lokaci ya yi da mu ma za mu aika. Ikkilisiyoyin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka haɗa hannu suka tura Malam Bitrus, wani mai bishara ɗan Faskari, zuwa wani ƙauye arewa da Maraɗi, inda fari ya cinye gonaki da dabbobi. Maza suka ɗauki albashinsa. Mata kuwa suka ɗauki hatsi: kowace mace, kafin ta zuba tsaba a turmi, sai ta ɗebi hannu guda ta zuba a wani tulu da ke kusurwar ɗaki. Tulun baiko muke ce masa.

Da rani Malam Bitrus ya zo gida ya tsaya gaban jama'a yana ba da labari. Cikin maganarsa ya ce, "Wasu har irin shuka sun cinye." Na ga Gwaggo ta dafe ƙirji. A wurinta ba a taɓa yin magana mai muni kamar wannan ba. Muna komawa gida ta sa aka sauko mata da zangarniyoyin da ta rataye bisa murhu, waɗanda hayaƙi ke tsare su daga ƙwari. Farar dawa ce da ta gada daga uwarta, mai tsaba manya, wadda karanta ke wuce rufin ɗaki. Ba ta taɓa ba kowa ko tafi ɗaya ba. Ta sussuke fiye da rabi, matan unguwa suka ga haka suka kawo nasu, na ɗinke bakin ɗan buhun da jan zare don kada a haɗa shi da na ci. Malam Bitrus ya koma da shi tare da hatsin tuluna kafin ruwa ya sauka. Ina ɗinki ina ganin gonar a zuciyata, fararen kawuna suna kaɗawa a tsakiyar rairayi.

Da kaka ta kusa aka sake tara hatsin tuluna, aka ce mata biyu su raka motar su ga wuri su kawo labari. Aka zaɓi Magajiya Laraba, shugabar zumuntar mata ta Faskari, mace mai jiki da murya, aka haɗa ta da ni saboda na taɓa ɗan Faransanci a makaranta. Ranar tashi Gwaggo ta riƙe hannuna a bakin mota.

"Abu guda nake so," in ji ta. "Ki karyo mani zangarniya ɗaya daga gonar can. Ranar godiyar kaka in rataye ta a coci, kowa ya ga ɗiyata ta yi aure a nesa ta haihu."

Na ce mata ko dami take so zan kawo.

Direbanmu Alhaji Garba ne, mutum marar yawan magana, mai sabuwar babbar mota da yake shafawa kamar doki. Ba mu yi nisa da Sabuwa ba ta kafe a laka. Muka sauko, manoma suka bar aikinsu suka zo turi, Magajiya ta tsaya bisa tudu tana ba da umarni.

"Alhaji, ka ce sabuwa ce!"

"Motar sabuwa ce, Magajiya. Hanyar ce tsohuwa."

A Faskari muka ƙara buhuna, muka ratsa 'Yankara ranar kasuwa, inda Magajiya ta sayi ƙuli-ƙuli cike da ƙwarya wai ba ta san abin da mutanen can ke ci ba. Dama da hagu dawa ce tsaye, ta fid da kai, wata ta fara nuna. Muka kwana a Ƙanƙara a ɗakina, washegari muka bi ta Katsina zuwa Jibiya.

A kan iyaka na sha kunya. Tun daga Katsina nake maimaita gaisuwar Faransanci a raina. Da wani jandarma, wato ɗan sandan can, ya leƙo, dogo, siriri, da hula mai baki, na jero masa duk abin da na haddace. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, yi Hausa ki huta. Ni ma in huta." Magajiya ta yi dariya har da hawaye. Ya soka wani ƙarfe a buhu ɗaya, ya duba tsabar a tafinsa, ya tambayi ko ta sayarwa ce. Na ce kyauta ce daga matan coci.

"Nijeriya kun yi arziki," ya ce. "Da mu ke kawo maku wake da shanu. Ku wuce, Allah shi ba da lada."

Magajiya ta cika masa hularsa da ƙuli-ƙuli.

A Maraɗi muka sauka gidan wata gwauruwa mai bi, Inna Hawa, wadda ta shimfiɗa mana tabarmi a tsakar gida, don su can ba a kwana a ɗaki sai sanyi ya matsa. Ta kawo burodin nan dogo mai taurin baya, Magajiya ta ƙwanƙwasa shi a gwiwarta ta ce wannan ai na korar kare ne. Amma kwaɗon zogalen da aka haɗa da shi ta cinye tas ta nemi ƙari. Shayinsu a ɗan ƙaramin kofi ake sha, mai ɗaci, kuma idan ka sha na fari ka tashi ka yi rashin ladabi, sai ka jira na biyu da na uku. Na lura ba sa zubar da ruwan wanke hannu. Akan kai shi gindin wata 'yar bishiya a tsiyaye a hankali. Na tuna yadda muke watsar da ruwa a tsakar gida a Sabuwa don kawai ƙasa ta kwanta.

Daga Maraɗi kwalta ta ƙare. Alhaji Garba ya rage iskar tayoyi, muka shiga rairayi, motar tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gonakin duk an girbe. A gida ko lauje ba a wasa ba tukuna, nan kuwa damunan gero har sun hau rumbu, kara gajere ya bushe, awaki na ciki. Na tambayi wani tsoho da muka rage wa hanya, ya ce ruwa ya ɗauke tun tuni, bana kuwa an gode Allah, an samu.

"Dubi geronsu," in ji Magajiya, "ko ƙuguna bai kai ba. Bari su ga ta Kande."

Da la'asar muka hango ta. A bayan ƙauyen, tsakiyar fili mai launin toka, ga wata gona tsaye ita kaɗai, doguwa kamar ganuwa. Na miƙe a cikin mota ina nunawa, ina ihu kamar yarinya. Magajiya ta fara rera waƙar godiya. Alhaji Garba ya dai rage gudu, yana kallon gonar ta gefen ido. Shi ɗan manoma ne, ya riga mu gani.

Da muka matso waƙar ta mutu a bakin Magajiya. Karan ya yi tsawo, ya yi kauri, ganyen ya bushe ya rataya. Na bi saman gonar da ido daga wannan gefe zuwa wancan. Babu kai ko ɗaya.

Malam Bitrus ya tarye mu a bakin gari, ya rame, yana murmushi irin na wanda ya daɗe yana shirya magana. Aka sauke buhuna, mai gari ya zo da dattawa suka yi godiya mai tsawo, mata suka yi guɗa. Hatsin ci da aka aiko da rani ya yi amfani, in ji su, ya tsare rayuka, ban kuma yi shakkar haka ba. Sai da jama'a suka watse na tambaye shi buhun jan zare.

"Na ba mutumin da ya fi kowa yi mani alheri," ya ce, yana kallon ƙasa.

Sunansa Malam Nomau. Musulmi ne, shi ya ba Malam Bitrus ɗaki ranar da ya iso garin ba wanda ya san shi, shi ya koya masa jan ruwa a rijiyarsu mai zurfin da sai an ɗaura igiya ga sa ya ja. Muka same shi a ƙofar gidansa yana saƙa igiya, baƙi, mai furfura a gemu, da idanu masu sanyi. Ya shimfiɗa mana buzu, ya shiga ya fito da ƙwaryar fura. Daga baya na ji cewa geron furar daga gidan maƙwabci aka karɓo.

"Ku ne masu dawa," ya ce. "Sannunku da hanya. Wagga dawa taku, ban taɓa ganin mai kyawon tsabarta ba."

Magajiya ta riƙe ludayi tana juya furar.

Shi ya ba mu labarin, a hankali, ba tare da ɗaci ba. Duk tsananin yunwar nan bai taɓa irinsa ba. Yana da ɗan geron shuka a cikin gora, na ubansa, mai saurin nuna, wanda ya binne a ƙarƙashin gadonsa don kada kukan yara ya rinjaye shi. Da abokinsa ya kawo masa farar dawa, ya dubi girman tsabar, ya dubi yaransa, ya ce tunda Allah ya kawo iri wanda ya fi, to a daka na gorar a yi masu kunu. Maƙwabta suka ce kada ya shuka abin da bai sani ba. Ya ce Malam Bitrus bai taɓa yi masa ƙarya ba.

"Ta tsiro da kyau, ɗiyata," ya ce mini. "Mutane na zuwa kallo. Geron kowa na gwiwa, tawa ta wuce kaina. Geron kowa ya fid da kai, na ce tawa babba ce, ba ta gaggawa. Aka yi girbi, ina jira. Kowace safiya in je in taɓa wuyanta ko ta yi ciki. Sai ruwa ya ɗauke."

"Mu can ruwa na kaiwa wata biyu bayan naku," in ji Magajiya da ƙaramar murya. "Ita sai ƙarshen damina take haihuwa."

"Haka Malam ya gane daga baya. Ba laifinta ba ne. Ba ƙasarta ba ce."

Malam Bitrus ya ce a yafe masa, daminarsa ta fari ke nan a wurin, ya zaci damina ɗaya ce ko'ina. Malam Nomau ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai Malam, bari. Karan ma ai ya yi amfani. Kowa a garin nan ya samu na danni, ya kewaye gidansa." Ya yi dariya shi kaɗai.

Da safe na shiga gonar. Na bi layi layi ina ɗaga kai, ina neman ko guda ɗaya wadda ta yi kuskure ta haihu. Na ɓare wuyan wani kara, na sami ɗan abu fari, laushi, kamar gashin jariri, ya bushe tun bai ga rana ba. Iska na bi ta cikin ganyen suna ƙara kamar ana raɗa. Na daɗe a tsaye. Mu mata nawa ne muka taru a kan buhun nan, da Fasto, da dattawa, da ni mai karatu, kowa ya yi addu'a a kansa, amma ba wanda ya ce a tambayi mutanen can me suke shukawa.

Ranar komawarmu sai ga Malam Nomau da ɗan ƙunshinsa da sanda. Ya kai matarsa da yara gidan iyayenta. Buhun da aka ba shi cikin namu ya bar masu. Shi zai shiga Nijeriya neman aikin lebura, an ce a Kaduna ko mai ɗaukar bulo yana samu.

"Alhaji, ka rage mani hanya?"

"Hau, Malam. Motar wofi ce."

"Amma ina da roƙo," ya ce, ya juyo gare ni. "Ku bi da ni garinku. Na yi wa dawar nan bauta damina guda ban ga fuskarta ba. Ina so in gan ta, ko sau ɗaya."

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta da yawa. Jandarman nan ya gane mu, ya tambayi Magajiya ƙuli-ƙuli, ta ce ya ƙare. Malam Nomau na zaune a baya bisa buhunan wofi. Daga Ƙanƙara zuwa Faskari, da ƙasa ta fara yin kore, na waiwaya na gan shi a tsaye, ya riƙe ƙarfen motar, yana kallon gonaki. Ni kuwa ina ta juya maganar da zan faɗa wa Gwaggo, ko wace na ɗauko sai ta yi mini nauyi.

Mun iso da hantsi. Gwaggo tana gona, aka ce, tana korar tsuntsaye. Ta hango ni ta taho da sauri, tana share hannu a zane, idonta a kan hannuwana.

"Ina ɗiyata?"

Na buɗe baki, abin da nake gaya muku ya faru, muryar ta ƙi. Malam Nomau ne ya wuce ni. Bai ko gaishe ta ba tukuna. Ya shiga cikin dawar, ya miƙa hannu ya tanƙwaro kara ɗaya a hankali, zangarniyar ta sauko ta cika tafinsa biyu, fara, mai nauyi, tsabar ta fara tauri. Ya auna ta a hannu. Ya kai ta hanci.

"Ashe haka kike," ya ce.

Gwaggo ta dube ni, ta dube shi. Na ce, "Gwaggo, wannan shi ne Malam Nomau. Shi ya shuka ta." Sauran ya faɗa mata da kansa, a tsaye a bakin gonar, kamar yadda ya faɗa mana, har da maganar danni. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta zauna a kan kunyar gona, ta daɗe tana kallon ƙafafunta.

"Malam," ta ce, "ku can me kuke shukawa?"

Fuskarsa ta saki. Ya tsuguna ya fara ba ta labarin geron ubansa: gajere ne, zangarniyarsa siririya mai gashi, tsuntsu ba ya son ta, ruwa kaɗan ya ishe shi, furarsa kuwa har maƙwabta na aiko ƙwarya. Gwaggo na gyaɗa kai, tana tambaya, yaushe ake shukawa, yaya ake ajiye irin, kamar masu hira a kasuwa. Sai ta ce, "To ka kawo mani ko tafi ɗaya. In shuka shi nan bayan ɗaki inda ruwa ba ya kwanciya, in tara maka, ka koma da abinka."

"Ai shi ne muka sha kunu, Inna."

"Maƙwabta fa?"

"Suna da nasu. Kowane gida da irinsa. Namu dai ya ƙare."

Ya kwana biyu a gidanmu. Gwaggo ta yi masa tuwon farar dawa da miyar kuka, ya ci ya yaba, ya ce lallai da ta haihu da ya yi arziki. Ta cika masa jaka da gari. Ya hau motar itace mai zuwa Kaduna, ya ɗaga mana sanda. Har yau da nake rubutun nan ba mu ji labarinsa ba.

Ranar godiyar kaka Magajiya ta ba da rahoto a coci, ta faɗi duka, ba ta rage ba. Aka yi shawara cewa baɗi za a sayi iri a kasuwar Maraɗi, kuma Malam Bitrus ya fara tambayar dattawan garin kafin a aika da komai. Tulunan baiko suna nan, mata na ci gaba da zuba hannu guda. Gwaggo ma tana zubawa. Ƙusar da ta sa aka kafa a bangon coci don zangarniyarta tana nan, ba a rataya komai ba, ba kuma wanda ya cire ta.

Da na je gida hutun da ya wuce, na ga kwandon kaza an rufe shi da tsohuwar tabarma. Baƙar rigar nan tana kan igiya, an wanke ta, tana ɗigar ruwa. Da ta bushe Gwaggo ta karkaɗe ta, ta ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya har wuya, ta naɗe.

"Gwaggo, kazarki fa? Ta daina sa kwat?"

Ba ta yi dariya ba. Ta shafa wuyan rigar inda ya ɗan goge.

"Dubi nan," ta ce. "An daɗe ana sa ta. Wadda ta aiko da ita, ina jin ita ce mai kyan da take da ita."

Ta buɗe akwatinta, ta sa ta a ƙasa tare da zannuwan zuwa coci, ta rufe.